Ina Bashin Yake Tafiya In Wayar Ta Mutu?

Akwai tambayar da ban taɓa jin mai sayen waya ya yi wa mai sayarwa ba, daga Beirut Road har Farm Centre. Ana tambayar girman memori, ana tambayar kyamara, ana tambayar ko caji yana kai yamma. Ba wanda ke tambayar yadda zai fitar da abin da ya zuba a cikinta ranar da ta mutu, ko ta faɗa kwata, ko ɓarawo ya fizge ta ta tagar A Daidaita Sahu. A ganina wannan ce ya kamata ta zama tambayar farko ga duk wanda sana'arsa ta rataya a kan bashi. Ƙaramin ɗan kasuwa kuwa, wanda kuɗinsa ba su kai ga babbar waya ba, shi ya fi kowa buƙatar amsarta. Ra'ayin nan ya girmi wayoyin shafa a wurina. Na ɗauke shi ne daga wata 'yar na'ura da yawancin matasan yau ba su taɓa gani ba.

A farkon shekarun 2000 ina zaman shagon kawuna a gefen kasuwar Sabon Gari da ke kallon Bata. Takalma muke sayarwa da jakunkunan 'yan makaranta, sari da ɗai-ɗai. Wurin ma da takalmi ya yi suna, tunda kantin kamfanin Bata ne ya bar wa mahaɗar sunansa. A lokacin ba gadar sama a titin Murtala Muhammad, 'yan acaɓa na nan kamar ƙasa, masu kasetin finafinan Hausa da masu littattafan soyayya sun cika wurin, kowane shago da irin sautin da yake saki. Cinikinmu mai kauri kuwa kusan duk bashi ne. 'Yan sari za su zo daga Gumel, Kazaure, Daura, wasu daga Maraɗi da Damagaram, su ɗauki dozin-dozin gab da komawa makaranta ko gab da Sallah, su ba da rabi, sauran sai an sayar. Kawu yana da babban littafi mai kaurin bango. Shi da ajami yake rubutawa, ni da boko, a shafi ɗaya. In mutum ya dawo bayan wata uku ya ce a duba masa lissafinsa, sai an yi ta buɗe shafuka ana bin layi da yatsa, shi yana tsaye, motarsa tana lodi a tasha.

A cikin wannan hali na sayi Palm m100. Ta hannu ce, daga wani mai kayan lantarki irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai. Ba kwali, ba takarda, ba igiyar da ake haɗa ta da kwamfuta. Girmanta bai wuce tafin hannu ba, baƙa ce, da murfi mai ɗan rami da ake leƙa agogo ta ciki. Gilashinta ba launi, baƙin rubutu ne a kan toka-toka, kuma da ɗan tsinken roba ake taɓa shi. Batiri biyu take ci, ƙananan nan na rimot, kuma sukan yi makonni kafin su nemi canji, abin da ba ƙaramin alheri ba ne a zamanin NEPA. Ba ta kira, ba ta ɗaukar hoto, ba ta rediyo. Memorinta megabait 2 ne, wanda sau da yawa hoto ɗaya na wayar yau ya fi shi nauyi. Abin da ke cikinta kawai shi ne littafin sunaye da lambobi, kalanda mai ƙararrawa, jerin ayyukan da za a yi, wurin rubutu, da kalkuleta.

Turawa suna kiran irin waɗannan na'urori PDA. John Sculley, shugaban Apple na lokacin, shi ya yayata sunan a 1992, kuma a 1993 kamfaninsa ya fito da Newton, mai tsada, wadda aka yi ta yi wa dariya saboda kasa karanta rubutun hannun mutane. Wanda ya ci nasara shi ne Jeff Hawkins, da ya fito da Pilot a 1996. An ce kafin a ƙera ta sai da ya sassaƙa katako daidai aljihun riga ya riƙa yawo da shi, yana yi kamar yana rubutu, don ya gane abin da mutum ke buƙata da gaske da abin da ba ya buƙata. Dabararsa ita ce, maimakon a wahalar da na'ura ta koyi rubutun kowa, mutum ya koyi wasu sauƙaƙan haruffa da ake ja da zare ɗaya, waɗanda aka sa wa suna Graffiti. A 2000 suka fito da m100 a kan dala 149 don masu ƙaramin ƙarfi, a 2002 kuma Zire a kan dala 99. A can wannan araha ce. A nan, lokacin da dala take wajen naira 120 kuma mafi ƙarancin albashi yake naira 5,500, mafi arahar cikinsu ta kai albashin wata biyu tun kafin ta hau jirgi. Shi ya sa ta hannu muka sani. Kafin su ma akwai 'yan dayarin nan masu madannai na Casio da Sharp, waɗanda wasu 'yan kasuwa kan sayo a Jidda ko Dubai.

Mutane kan ce araha ba ta ado. Ni ban nemi ado a wurinta ba, aiki na nema, kuma ta yi. Kowane ɗan sari na buɗe masa katinsa: suna, gari, wanda ya kawo shi, daga baya lambar waya. A ƙarƙashi in rubuta rana, abin da ya ɗauka, abin da ya biya, abin da ya rage. In ya tsaya a bakin shago, kafin ya gama gaisawa da Kawu na danna nema, na sa haruffa uku na sunansa, lissafinsa ya fito. Wannan neman shi ne abin da littafi ba zai taɓa iya yi ba. In an yi alkawarin biya ranar kasuwa kaza, sai in sa a kalanda, ranar ta yi ƙara. Mutanen Nijar da sefa suke biya, don haka da safe in an ji yadda canji ya kwana a Wapa sai in ajiye a wurin rubutu, in riƙa bugawa a kalkuleta a gaban mutum yana gani. Da MTN da Econet suka fara aiki a watan Agustan 2001, lambobi suka fara yawa a hannun 'yan kasuwa, layukan farko kuma ba sa ɗaukar sunaye masu yawa. Nan ma ita ta riƙe mana.

Abin da na fi yaba mata yanzu, wanda a lokacin ban ma lura da shi ba, shi ne ba ta kiran mutum. In ka buɗe ta, abin da ka zo yi shi za ka yi, ka rufe. Ba labari, ba bidiyo, ba wanda ya turo gaisuwar Juma'a. Dannawa ɗaya ta farka, ba jira. Duk mai shagon da ya taɓa tsayawa yana kallon yaronsa ya dulmiya a TikTok alhali mai saye yana sallama, ya san darajar kayan aikin da ba ya satar hankali.

Tana da nata ƙarancin. Haruffanta ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, don haka duk sunan da ya fara da Ɗan sai a rubuta shi da D tsirara. Kalandarta ba ta san watan Musulunci ba, alhali rabin alkawuranmu da shi ake yi: bayan ƙaramar Sallah, kafin Mauludi, in alhazai sun dawo. Amma tana da wani shafi da ake zana komai da hannu kamar a takarda, kuma a nan ne Kawu ya same ta. Da farko kallon abin wasa yake mata. Ranar da ya ga ajaminsa ya zauna a gilashin yadda ya ja shi, daga dama zuwa hagu, sai ya riƙa karɓa yana sa ɗan abin da yake so a tuna masa.

Duk da haka bai sallama ba. Wata rana ya ce da ni, “Kai yaro, in wannan abin ya mutu, wa zai ba da shaida?”

Na ce, “Kawu, ai aiki take sauƙaƙa mana.”

Ya ce, “Ta sauƙaƙa, ban hana ba. Amma kafin ka rufe shago, duk abin da ka zuba mata ka zuba wa littafi.”

Haka muka yi har ta tsufa. Kawu bai san yadda aka ƙera ta ba, amma tambayarsa ta faɗa daidai kan raunin duk na'urorin wancan zamani. Yawancinsu, manya da ƙanana, suna riƙe bayanai ne a irin memorin da sai da wuta yake tunawa. In batiri ya ƙare ƙaf aka bar shi, ko aka cire shi aka yi jinkirin sa sabo, komai ya tafi. Wajen canza batiri ɗan lokaci kaɗan ake da shi, kamar minti guda, shi ya sa nakan ɓare sababbin in ajiye a gefe kafin in taɓa tsofaffin. Masu ƙerawa sun san da wannan, kuma sun yi masa magani: ka haɗa ta da kwamfutarka, ka danna maɓalli ɗaya, komai ya kwafu can. Suna kiransa HotSync. In ta mutu, ka sayi wata, ka haɗa, komai ya dawo. Magani ne mai kyau ga wanda aka yi na'urar dominsa, wato ma'aikacin ofis a Amurka mai kwamfuta a gida da wutar da ba ta ɗaukewa. A Kano ta 2003 kwamfuta tana kafe ne da shagunan buga takardu, kuma wanda ya sayi ta hannu ba igiya, kamar wanda ya sayi guga ne ba igiyar ja. Na'ura ɗaya ce a can da nan, amma a can tana da madogara, a nan ba ta da ita, kuma ba wanda ya gaya wa mai saye.

Na ga abin da wannan ke haifarwa a wurin wani maƙwabcinmu mai sayar da yadin makaranta. Tasa 'yar dayari ce mai madannai, mai ƙaramin batirin nan kamar na agogo. Ya yarda da ita har ya daina rubuta littafi. Ya yi jinya ta ɗan lokaci, tana cikin aljihun tebur, da ya dawo ya kunna ba komai a ciki. Ba kuɗin da ya rasa ne ya fi tsaya mini a rai ba, ko da yake sun yi yawa a ma'aunin shagonsa. Masu tsoron Allah sun zo da kansu sun ce ana bin su kaza. Wasu sun yi shiru. Mafi ciwo su ne na tsakiya, mutanen kirki waɗanda suka tuna wani adadi shi kuma ya tuna wani, ba mai ƙarya a cikinsu, ba kuma abin da zai raba gardama. Akwai wanda suka yi shekaru suna ciniki, bayan wannan ko gaisawa ba sa yi sai ta dole. Asarar rubutu zumunci take ci, kuma a kasuwa irin tamu zumuncin shi ne jari.

Ba a daɗe ba zamaninsu ya wuce. A 2003 Glo ta shigo da cajin kira daƙiƙa-daƙiƙa, layi ya fara sauka, a shekarar kuma Nokia 1100 mai tocila ta fito. Mutum ba zai ɗauki abu biyu a aljihu ba in ɗaya zai iya, ko da ɗayan bai kai ba. BlackBerry ta yi tashenta ta wuce, Tecno da itel suka zo da layi biyu da farashin da talaka zai iya. Kamfanin HP ya saye Palm a 2010 a kan dala biliyan 1.2, shekara ɗaya bayan nan ya daina ƙera na'urorinta. Sunan PDA ya sake faɗowa kunnena ne a 2023, lokacin da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta tanadi na'urorin hannu don ƙidayar da aka shirya yi a watan Mayu, aka ɗage ta, ga shi rabonmu da ƙidaya tun 2006. Wannan zance ne na wata rana.

Abin da ya dame ni shi ne, matsalar da ta ci maƙwabcinmu tana nan, ta ma ƙaru, don yanzu kowa yana da na'ura. Ka zaga Singa, Kwari, Sabon Gari, ka tambayi ƙananan 'yan kasuwa ina lissafinsu yake. Yana cikin saƙon murya na WhatsApp: “Alhaji na ɗauki katan biyar, in Allah Ya kai mu Laraba.” Yana cikin hoton alat da aka turo. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, da ya tura kowa zuwa tiransifa da POS, rabin shaidar ciniki ta koma cikin waya. Wayar kuma ƙarama ce, memorinta cikewa yake yi da bidiyon wa'azi da na biki, sai ta fara nauyi, sai a ce a kai ta a yi mata fulashin. Ko gilashi ya fashe, ko ta sha ruwa a damina, ko a tare mutum da wuƙa a lungu bayan magariba, abin da Kano ta sha fama da shi a shekarun nan.

Bambancin yau da wancan lokacin shi ne madogarar ta iso, kuma kyauta ce. Kowace wayar Android tana tafiya da asusun Google, wanda ke ba da wurin ajiya na gigabait 15. Lambobi suna iya kwafuwa can da kansu, WhatsApp yana iya ajiye kwafin hirarraki can kullum dare. Ba a buƙatar kwamfuta, ba a buƙatar igiya. Amma ka duba yadda ake buɗe asusun. Mutum ya sayi waya, ya ce a saita masa. Yaron shago ya karɓa, ya ƙirƙiri adireshi da sunan da ya faɗo masa, ya sa kalmar sirrin da shi kansa ba zai tuna ba gobe, ya sauke WhatsApp da Facebook, ya miƙa. Minti biyar, ga na baya yana jira. Mai wayar ya tafi bai san yana da imel ba. Ranar da wayar ta ɓata zai je ya dawo da layinsa, WhatsApp ya buɗe da lambarsa, amma fayau, ba hira ɗaya. Ko dai ba a taɓa kunna ajiyar ba, ko an kunna amma tana cikin asusun da ba shi da mabuɗinsa. Wani lokaci ma wayar tana hannunsa, an yi mata fulashin, sai ta ƙi buɗewa sai an sa tsohon asusun, don tun 2015 Android take da wannan makulli na hana ɓarayi amfani da wayar sata. Makullin da aka yi don kare shi sai ya kulle shi a waje.

Na san abin da dattawa za su ce: a koma takarda. Ina girmama littafi, shi ya tsare mu. Amma duk wanda ya ga kasuwar Sabon Gari bayan gobarar watan Maris na 2016, wadda ta cinye shaguna sama da 3,000, ya san littafin da ya kwana a shago tare da kaya yake ƙonewa. Takarda tana tsoron wuta da ruwa da gara, na'ura tana tsoron ɓarawo da mantuwar kalmar sirri. Abin da ya tsare shagon Kawu ba fifikon ɗaya a kan ɗaya ba ne. Lissafin yana wuri biyu, littafi a shago, na'ura a aljihuna ta kwana a gida, kuma da wuya abu ɗaya ya cinye su tare.

Wasu kuma za su ce laifin araha ne, a sayi mai tsada a huta. Ban yarda ba, kuma wannan maganar tana ɓata mini rai, don tana ɗora wa talaka laifin talaucinsa. Ajiyar da ke cikin waya mafi tsada a Farm Centre, irinta tana cikin mafi araha. Na ga masu manyan wayoyi da suka rasa komai don su ma yaron shago ne ya saita musu. Abin da ya raba wanda ya tsira da wanda ya rasa shi ne ko wani ya tsaya ya yi masa bayani na minti goma da harshen da yake ji.

Akwai wani ɓangare na tambayar Kawu da sai daga baya na fahimci zurfinsa. Bai ce wa zai tuna ba, cewa ya yi wa zai ba da shaida. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma tsarin da ta kawo bai tsaya ga mai bin bashi ya rubuta wa kansa ba. Wanda ake bi shi ke faɗar abin da za a rubuta, a kafa shaidu, kuma ba a raina ƙarami. Rubutun da ke cikin na'urata, ni kaɗai na yi shi, ni kaɗai zan iya canza shi, ɗan sari bai taɓa ganin shafinsa ba sai in na nuna masa. Tunatarwa ce mai kyau, amma shaida ce mai rauni. A nan wayar yau ta fi Palm nesa ba kusa ba, in an san yadda za a yi da ita. In ka ba da kaya, tura wa mutum saƙo nan take: ka ɗauki kaza, ka biya kaza, saura kaza, zuwa rana kaza. Ya amsa da rubutu ko da muryarsa cewa haka ne. Yanzu lissafin yana wayarka, yana wayarsa, da amincewarsa a jiki. Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011, a sashe na 84, ta buɗe ƙofar karɓar bayanan na'ura a kotu bisa sharuɗɗa. Amma ba kotu nake hange ba. Yawancin rigimar bashi a kasuwa a gaban shugaban layi ko wani dattijo take ƙarewa, kuma saƙon da mutum ya amsa da bakinsa yana kashe gardama tun kafin ta yi tsawo.

Saboda haka kirana na farko ga ƙungiyoyin masu sayar da waya ne na Beirut Road da Farm Centre. Su mayar da saitin asusu wani ɓangare na ciniki, kamar gwada caja. A buɗe shi da sunan mai wayar da lambarsa, a rubuta masa adireshin a bayan rasit, a kunna ajiyar lambobi da ta WhatsApp a gabansa. Kalmar sirri kuwa shi zai zaɓa, shi zai danna, ko ɗansa ko ƙaninsa da ya zo da shi, ya rubuta ya ajiye a gida inda yake ajiye takardun fili. Bai kamata ta zauna a kan yaron shago ba, don wayar da ke ɗauke da manhajar banki ba abin da za a bar mabuɗinta a hannun baƙo ba ne. Wannan ba ya buƙatar doka daga Abuja ko kasafin kuɗi. Shago ɗaya in ya fara, ya kafa allo ya rubuta cewa a nan ana saita wa mutum ajiyarsa, ina da yaƙinin zai ga ciniki, don duk wanda ya taɓa rasa lambobinsa zai aiko ɗan'uwansa. Gidajen rediyon Kano da ke da shirye-shiryen kasuwa su ma suna da rawar takawa. Mai shago a Bata rediyo yake ji, ba zai je ya karanta shafin taimako da Turanci ba.

Matasanmu masu rubuta manhaja kuma, ina roƙonsu su zo kasuwa su zauna yini guda kafin su fara, yadda Hawkins ya yi yawo da katakonsa. Abin da ake buƙata ƙarami ne: littafin bashi da ke aiki ba data, mai Hausa da haruffanta cikakku, mai karɓar murya don wanda ba ya rubutu, mai sanin watan Musulunci, wanda ba ya cika ƙaramar waya. Sama da komai, ya zama ana iya fitar da lissafin gaba ɗaya a buga a takarda a kowane shagon kwamfuta. Kamfanonin manhaja suna mutuwa kamar yadda Palm ta mutu, kuma ɗan kasuwar da ya ba su amanar lissafinsa yana da haƙƙin ya fita da shi kafin a rufe ƙofa.

Wurin da wannan magana ta fi nauyi shi ne mutuwa. A wajen jana'iza ko zaman makoki akan yi sanarwa cewa duk wanda yake bin mamaci, ko mamaci yake binsa, ya ga wane. Ana yin haka ne don ba a raba gado sai an biya bashi. A da, magada sukan buɗe littafi su gani. Yanzu ana miƙa musu waya mai buɗewa da yatsan wanda aka binne jiya. Abin da ake binsa masu shi za su zo su faɗa, amma ba yadda za a tantance. Abin da yake bi, wanda haƙƙin marayu ne, yana kulle a ciki. Layin in ya daɗe ba a amfani da shi kamfani zai sayar wa wani, Google kuma tun ƙarshen 2023 ya fara goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Akwai wurin da Google ya tanada inda mutum zai sa sunan wanda za a miƙa wa bayanansa in asusun ya yi shiru na wani lokaci, amma a cikin abokan kasuwancina ban haɗu da wanda ya san da shi ba. Malaman da ke karantar da wasiyya da rabon gado a masallatan Fagge da Sabon Gari ya kamata su shigar da wannan cikin darasi: mai ciniki da bashi ya sanar da mutum ɗaya amintacce, matarsa ko babban ɗansa ko abokin cinikinsa, inda lissafin yake da yadda ake buɗe shi, ya kuma riƙa sabunta kwafin takarda a gida ko da sau ɗaya ne a wata.